Log ɗin manhaja zuwa saba guda: kai tsaye ko a bar wa rsyslog?

dan_kurmi_dev
Assalamu alaikum jama'ar gida, don Allah ina neman shawara. Muna da manhajar sayar da kaya da lissafin sito, da Laravel aka rubuta ta, tana kan saba uku, biyu na haya ne a ƙasar waje ɗaya kuma tana nan ofis ƙarƙashin tebur, sai wata 'yar ƙaramar manhaja ta Python mai tura wa kwastomomi saƙon tes. Duk sanda kwastoma ya bugo waya wai an cire masa kuɗi amma rasit bai fito ba sai na bi sabobin ɗaya bayan ɗaya da ssh ina laluben laravel.log, wato log ɗin da manhajar ke rubuta abin da ya faru a ciki, da grep mai neman kalma a fayil, kafin na gano wacce ce ta karɓi cinikin mutumin ya gama wanke mu tas. So nake duk log ɗin su riƙa taruwa wuri guda. To in sa manhajar ta riƙa turawa kai tsaye zuwa wata babbar saba da za su taru a kai ne, tunda na ga Monolog, wanda Laravel ke rubuta log da shi, yana da SyslogUdpHandler, ko ta ci gaba da rubutawa a fayil wani abu dabam ya kwasa ya kai?

bashir_linux
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin wahala ba ne, rsyslog, mai karɓar log ya ajiye ko ya tura wata saba, yana nan zaune a kan sabarka tun ranar da aka saka ta. Ka buɗe sabon fayil a /etc/rsyslog.d/ ka sa layi ɗaya:
`*.* @10.0.0.5:514`
@ ɗaya UDP ke nan, @@ biyu TCP. A can babbar sabar ka kunna imudp ko imtcp, a .env na Laravel ka mai da LOG_CHANNEL ya zama syslog, shi ke nan an gama.

sadiq_py
@bashir_linux ƙaramin gyara, Debian 12 ba ta zuwa da rsyslog kuma, journald kawai ake samu sai mutum ya saka da kansa da apt. In Ubuntu ce to yana nan.

ummi_ops
Malam Bashir wannan layin naka zai yi aiki yau, zai yi gobe, ranar da ake buƙatarsa ne zai ba da kunya. UDP kamar ka ba direba saƙo a tasha ne ba ka karɓi lambar wayarsa ba, ya isa ko bai isa ba babu mai gaya maka. Kuma ku duba abin da mai tambaya ya ce, saba ɗaya a ofis take, wato ta dogara da sabis ɗin intanet na ofis da kuma wutar ofis. Lokacin da layi ke yankewa shi ne daidai lokacin da ciniki ke maƙalewa a tsakiya, kuɗi sun fita amsa ba ta dawo ba, log ɗin wannan mintin shi ake nema, kuma shi ne UDP zai zubar a hanya.

Ni dai shawarata manhaja kar ta san ma akwai wata babbar saba a duniya. Ta rubuta a gida kawai, rsyslog ya ɗauka ya tura, in hanya ta toshe ya jera su a diski har ta buɗe. Ga yadda nake sawa:

`action(type="omfwd" target="10.0.0.5" port="514" protocol="tcp" queue.type="LinkedList" queue.filename="zuwa_babba" queue.maxDiskSpace="1g" queue.saveOnShutdown="on" action.resumeRetryCount="-1")`

Wannan -1 na ƙarshe ma'anarsa kar ya taɓa haƙura, ya yi ta gwadawa. Shi kuma maxDiskSpace kar a manta da shi, in babu shi kuma babbar sabar ta kwana biyu a kashe to layin jiran zai cinye diskin ƙaramar.

dan_kurmi_dev
Na gode Anti Ummi. Amma in TCP ne ai babu abin da zai ɓace ko? Na ɗauka shi yana tabbatar da isar komai.

ummi_ops
Kusan haka amma ba duka ba. rsyslog yana miƙa wa tsarin aiki saƙon ne ya ɗauka ya tafi, alhali yana nan zaune a ma'ajiyar soket bai fita ba, in layin ya tsinke a wannan lokacin waɗannan 'yan layukan sun tafi ke nan. Saboda wannan ne Rainer Gerhards mai rsyslog ɗin ya ƙirƙiro RELP, a nan sai mai karɓa ya ce na karɓa kafin a goge daga layin jira. Ka saka rsyslog-relp a ɓangarorin biyu, omrelp a mai turawa, imrelp a mai karɓa. Ga sabobin haya TCP ma ya isa, ta ofis ɗin ce zan sa wa RELP.

kb_fullstack
Haba jama'a wane irin rsyslog kuma a wannan zamanin 😂 Ka ɗora ELK kawai ɗan'uwa, wato Elasticsearch da Logstash da Kibana. Filebeat a kowace saba, Elasticsearch da Kibana a babba, ka rubuta lambar rasit a akwatin bincike ka ga komai cikin daƙiƙa har da zane-zane da za ka nuna wa oga ya ji daɗi. Syslog ɗin nan ya girme mu duka.

Malam_Tsoho_Unix
Ya girme ku kam. Eric Allman ne ya rubuta shi a shekarun 1980 saboda Sendmail, aka yi ta amfani da shi babu rubutacciyar ƙa'ida sai a 2001 aka fitar da RFC 3164, shi ma bayanin abin da mutane ke yi ne kawai ba doka ba, sannan RFC 5424 ya zo a 2009. Amma yaro tsufansa shi ne amfaninsa, rauta da suwic da fayawol da firinta kusan duk suna jin yarensa, ko wane sabon abu ka ɗora a ƙarshe sai ka buɗe masa ƙofa ta 514.

Abin da zan ja hankalin mai tambaya a kai shi ne tsohon tsarin na 3164 ya ƙayyade saƙo kar ya wuce bayit 1024, kuma lokacin da yake rubutawa babu shekara babu yankin agogo, wata da rana da awa da minti da daƙiƙa kawai. Shi rsyslog kansa in ba ka taɓa maxMessageSize ba 8k yake yankewa. Kuskuren Laravel guda ɗaya da jerin layukan da ke biyo shi yakan wuce haka, sai ka buɗe ka tarar an guntule maka wajen da kake nema.

kb_fullstack
To ka ga ni, abin da nake faɗa ke nan Malam.

zee_devops
@kb_fullstack ELK da kuɗin wa? Mutum ya ce saba uku gare shi ɗaya ma a ƙarƙashin tebur take. Elasticsearch a kan Java yake, in ka ba shi saba mai 2GB zai tashi ya faɗi ya tashi ya faɗi, kuma hayar saba da dala ake biya ba da naira ba. Sannan akwai halinsa na diski, in ya kai kashi 85 ya fara ƙin ajiye sababbin gutsattsari a wannan sabar, in ya kai 95 ya kulle fihirisar ta koma sai karatu kawai, log na zuwa ba a rubutawa kai kana can ba ka sani ba. Na taɓa gadar irin wannan a wani wurin aiki, wanda ya kafa ya tafi, Kibana tana buɗewa lafiya lau da kyawawan zane amma abu na ƙarshe da ya shiga tun kafin azumi ne.

In dai ana son allon bincike to Loki na Grafana ya fi dacewa da ƙaramin wuri. Shi ba ya yi wa kowace kalma fihirisa, laƙabi kawai yake riƙewa kamar sunan saba da sunan manhaja, sauran ya matse ya ajiye, shi ya sa ba ya cin ram sosai. Sharaɗin kawai kar ka mai da lambar kwastoma ko lambar rasit laƙabi, in ka yi haka zai tsinke gida dubu ya fi Elasticsearch ɗin nauyi.

sadiq_py
Kuma Promtail da aka saba tura wa Loki da shi sun ce sun daina ci gaba da shi, Alloy suke turawa mutane yanzu. Duk koyarwar da ka gani a YouTube da Promtail ka duba shekararta.

abba_graylog
Ba wanda ya ambaci Graylog? Mu shi muke amfani da shi, GELF a 12201, saƙo mai layi da yawa yana shiga a matsayin abu guda ba ya wargajewa, kuma yana karɓar syslog ɗin ma. Monolog yana da GelfHandler.

zee_devops
Graylog ai a ƙarƙashinsa OpenSearch ne ko Elasticsearch, ga MongoDB kuma a gefe. Abu uku za ka yi reno maimakon ɗaya.

abba_graylog
Gaskiya ne amma ba kullum ake taɓa su ba ai. Kuma wajen ba ma'aikata izini, wane ya ga wannan wane kar ya ga wancan, ya fi sauƙi.

nura_sec
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da maganar. Kowa na ta batun da me za a tura, ba wanda ya tambayi me ke cikin abin da za a tura. Manhajar kuɗi ce fa. Na sha buɗe log na mutane in ga an zuba duk abin da fom ya aiko, kalmar sirri a fili, lambar waya, BVN, har lambar kati wani lokacin, saboda wani ya sa Log::info da dukkan buƙatar lokacin da yake neman wani kuskure bai cire ba. Yau suna warwatse a saba uku, gobe ka tara su wuri guda ka sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. Kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan, hukumar NDPC ba ruwanta da cewa a log ne abin ya zube ba a rumbun bayanai ba.

Na biyu, sabobin nan ba a ɗaki ɗaya suke ba, log zai ratsa intanet. Syslog a 514 tsirara yake tafiya, kuma in ka bar ƙofar a buɗe kowa a duniya zai iya turo maka layin ƙarya da sunan sabarka. Ko dai ka lulluɓe saƙon da TLS a 6514 da rsyslog-gnutls, ko ka haɗa sabobin da WireGuard, wato ɓoyayyiyar hanya a tsakaninsu, ka tura ta ciki. Ni na fi son na biyun don ba ruwanka da satifiket da ke ƙarewa tsakar dare.

dan_kurmi_dev
Oga Nura wannan ta shige ni. Yanzu na duba, lambar waya tana fita a log ɗin manhajar tes ɗin, kalmar sirri dai babu alhamdulillah.

nura_sec
Ka rufe tsakiyar lambar da taurari tun daga cikin manhajar, kar ka bari sai ta isa can. Abin da ya riga ya bar saba ya bar hannunka.

Malam_Tsoho_Unix
Amma akwai ribar tsaro a tarawar ma, kar Nura ya tsorata ku. Mai kutse in ya shiga saba abu na farko da yake yi shi ne share sawunsa a /var/log. In layukan sun riga sun tafi wata sabar da ba shi da mabuɗinta to sai dai ya share na gida. Don haka babbar sabar kar ta yi amfani da mabuɗin ssh iri ɗaya da sauran, kuma auth.log ma a tura shi ba na manhaja kaɗai ba.

kb_fullstack
Tunda an shigo tsaro, ku tuna Log4Shell a Disambar 2021, rubuta log ɗin kansa ne ya zama ƙofar shiga, mutum ya turo wani rubutu a fom Log4j mai rubuta log a Java ya karanta ya je ya ɗauko masa abin da zai gudana. Ranar masu Java ba su yi barci ba.

zee_devops
Kuma Logstash da Elasticsearch ɗin da kake tallatawa suna cikin waɗanda aka bi ana yi wa faci a makon 😅

kb_fullstack
An taɓa ni 😂 amma dai an gyara ai.

hauwa_backend
Mu dawo kan tambayar bawan Allah. Ni na ga abin da turawa kai tsaye ke yi, ba labari aka ba ni ba. A wani wuri da na yi aiki an sa manhaja tana tura log ta TCP kai tsaye daga cikin lambar, ranar da sabar log ɗin ta tsaya sai kowane shafi ya koma yana jira har lokacin haɗin ya ƙare kafin ya buɗe, masu kanti suna ta kira wai manhaja ta mutu alhali lafiyarta ƙalau, wurin ajiye log ne ya ja ta ƙasa. To da UDP ba za ta jira ba amma za ta zubar, da TCP ba za ta zubar da yawa ba amma za ta jira, duk inda ka juya dai maganar Ummi ce, a rubuta a gida wani ya kwasa.

Na Python ɗin kuma mai sauƙi ne, SysLogHandler ka ba shi address='/dev/log' da facility local0, kar ka bar shi yadda ya zo don shi UDP yake nema a localhost 514 kuma yawanci ba mai saurare a nan, ba zai yi ƙorafi ba kuma ba abin da zai isa. Kafin ka taɓa lambar ma gwada da hannu:
`logger -p local0.info "gwaji daga ofis"`
in ka gan shi a babbar sabar to hanya ta buɗe.

Abu ɗaya da ba a faɗa ba wanda shi ne ainihin ciwonka: ko ka tara su wuri guda in babu lamba ɗaya da ke bin ciniki daga farko zuwa ƙarshe haka za ka ci gaba da lalube. nginx yana da $request_id, ka miƙa wa Laravel, ka sa a Log::withContext, ka tura wa manhajar tes ɗin ita ma ta rubuta. Sai grep ɗaya ya fito maka da labarin gaba ɗaya.

sadiq_py
Wannan ita ce magana. Kuma a mai da log ɗin JSON, kowane abu layi guda, Monolog yana da JsonFormatter. In ba haka ba imfile, ɓangaren rsyslog mai karanta fayil, zai ɗauki kowane layi na kuskuren a matsayin saƙo dabam, su cakuɗe da na sauran sabobin, sai ka koma kana faɗa da startmsg.regex.

bashir_linux
Ni fa har yanzu ina ganin kun ɗora wa yaron nan kaya. Saba uku ce ba banki ba. Fayil a babbar saba, kowace saba da jakarta, logrotate, grep. In ya girma ya nemi Loki. Na yarda da layin jira a diski, wannan Ummi ta fi ni gaskiya, amma JSON da ido ba ya karantuwa, da ƙarfe biyun dare kana kan waya kana duba ta ssh za ka gane.

hauwa_backend
jq mai tsara JSON ya karantu fa Malam Bashir?

bashir_linux
A kan allon waya? Allah ya ba da sa'a.

mai_solar_IT
Wani abu daga gefe, ku duba agogo. Sabobin haya galibi a UTC suke zuwa, ta ofis kuma wanda ya saka ta zai zaɓi Lagos, awa ɗaya ke nan tsakani, in an jera log ɗin sai ka ga amsa ta riga tambaya zuwa. Kuma irin kwamfutocin nan na ƙarƙashin tebur yawanci tsofaffi ne batirin agogon cikinsu ya mutu, a ɗauke wuta inbata ta ƙare, in ta tashi ta dawo da wata shekarar da ta wuce har sai ta samu intanet ta gyara, layukan farko duk su tafi da kwanan wata na bogi ka neme su ka rasa. Ka saka chrony mai daidaita agogo ta intanet, ka canja batirin nan mai kamar kwabo CR2032, ka sa duka a UTC, wajen turawa kuma ka yi amfani da RSYSLOG_SyslogProtocol23Format don ya tafi da shekara da yankin agogo. A babbar sabar ka riƙa ajiye lokacin da saƙo ya iso ma ban da wanda mai turawa ya faɗa.

ummi_ops
Sai dai in layin jira ya yi aikinsa lokacin isowa zai yi nesa da lokacin faruwa, log ɗin safe zai iya isowa da la'asar. A ajiye duka biyun kamar yadda ka ce amma a yi bincike da na faruwa.

yusuf_k8s
Docker kake amfani da shi ko kai tsaye a kan saba? In Docker ne labarin ya canja, manhaja ta rubuta a stdout kawai. Kuma ka sani json-file da yake zuwa da shi ba ya juya fayil da kansa sai ka sa max-size da max-file, mutane da yawa diskinsu a /var/lib/docker/containers yake cikewa. Fluent Bit ya dace da nan, da C aka rubuta shi ba ya da nauyi kuma shi ma yana iya jerawa a diski.

dan_kurmi_dev
Ba Docker, kai tsaye ne a Ubuntu. Ga inda na kai: na haɗa WireGuard, logger daga sabobin uku yana isa, na Python ma yana shiga ta /dev/log. Na zare wayar intanet ta ofis na ɗan jima na mayar, layukan suka biyo baya ba wanda ya ɓace. Laravel ɗin ne ya ƙi, na sa imfile a kan storage/logs/laravel.log amma shiru, ba kuskure ba komai.

ummi_ops
Izini ne kusan tabbas. A Ubuntu rsyslog yana sauka ya koma mai amfani syslog, fayil ɗin kuma na www-data ne, ka duba ko zai iya shiga jakar ma tukuna. In izinin daidai ne ka duba dmesg ko za ka ga apparmor DENIED, sababbin Ubuntu suna tsare rsyslog da AppArmor kar ya karanta waje da inda aka yarje masa. Kuma in channel ɗinka daily ne sunan fayil ɗin yana ɗauke da kwanan wata, sai ka sa laravel-*.log.

bashir_linux
Ko ka huta da duk wannan ka sa LOG_CHANNEL=syslog kamar yadda na faɗa tun farko, ba fayil ba izini ba AppArmor.

sadiq_py
Sai dogon kuskure ya zo a guntule shi a 8k kamar yadda Malam ya ce.

bashir_linux
A ɗaga maxMessageSize mana, layi ɗaya ne, a sa shi can sama kafin a loda imtcp kuma a ɓangarorin biyu.

nura_sec
Wata nawa za ka riƙa ajiyewa? Ka yanke tun yanzu. In kuna taɓa bayanan kati da kanku ƙa'idar tsaron kati ta PCI DSS shekara guda take nema, wata uku na ƙarshe su kasance a kusa. In kamfanin biyan kuɗi ne ke riƙe katin to kai ka zaɓa, amma kar ka ce har abada.

dan_kurmi_dev
Katin ba ya biyowa ta wajenmu. AppArmor ɗin ne kuwa Anti Ummi, ga DENIED nan reras a dmesg. Yanzu in buɗe masa hanyar jakar a cikin ƙa'idar AppArmor ɗin ne ko in mai da log ɗin Laravel ya koma /var/log/ kawai? Oga kuma ya leƙo ya ga baƙin allo yana tambaya ina zane-zanen da aka ce za a gani.

kb_fullstack
Ka gaishe min da oga, ka ce masa Kibana na nan tana jira 😂

zee_devops
Grafana dai. Mai da shi /var/log/sunan_manhaja ka ba rukunin adm izinin karatu, ya fi taɓa AppArmor sauƙi, amma ka tabbata www-data na iya rubutu a jakar kafin ka sake lodawa in ba haka ba shafin gaba ɗaya zai ba da 500.